Ciwon ƙoda na gado da ciwon fitsari: me ya haɗa su?

Akwai gidajen da ciwon ƙoda ya zama kamar baƙon da ya san hanya. Kaka ya rasu da kumburin ciki da hawan jini. Uba ya yi ta fama da ciwon kwiɓi tun yana ɗan shekara 40. Yanzu kuma ga ɗiyarsa, kowane ƴan watanni sai zafin fitsari da masassara su kwantar da ita. Ta sha magani ta samu sauƙi, bayan ɗan lokaci abin ya dawo. A irin wannan gida akan fara zargin sammu ko jifa, wasu kuma su ce ruwan rijiyar gidan ne. Sau da yawa abin da ke faruwa shi ne wani ciwo da ake gada daga uwa ko uba, wanda ke cika ƙoda da jakunkunan ruwa.

Wannan ɗan littafi zai bayyana muku abin da ya sa masu wannan ciwo suke yawan kamuwa da ciwon fitsari, abin da ya sa nasu yake wuyar warkewa fiye da na sauran mutane, da abin da za ku iya yi a gida da kuma a asibiti. Ku karanta shi tare da iyalinku. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Yadda fitsari ke tafiya a jiki

Kowane mutum yana da ƙoda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, can baya a ƙarƙashin haƙarƙari. Girman kowace bai wuce dunƙulallen hannun mai ita ba, nauyinta kuma kimanin giram 150. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai wajen miliyan 1, kowace da ɗan siririn bututunta wanda ido ba ya iya gani. Dare da rana jini yana ratsa waɗannan matatai. A kwana guda suna tace ruwa kimanin lita 180, kusan cikin durom ke nan, sa'an nan su mayar da kusan dukansa cikin jini. Abin da ya rage, lita 1 zuwa 2, shi ne fitsari, wanda ke fita da dattin jiki.

Daga kowace ƙoda akwai bututu guda da ke sauko da fitsari zuwa mafitsara, a cikin mara. Mafitsara tana tara shi har lokacin da mutum zai tsuguna, sai ya fita ta hanyar fitsari.

Wanda ya taɓa ban ruwa a lambu ya san cewa hanyar ruwan da ke gudu kullum tana wanke kanta. Inda ruwa ya tsaya, nan gansakuka da sauro suke samun wurin zama. Haka hanyar fitsari take. Babbar kariyarta ita ce gudu: fitsari yana saukowa daga sama, yana kore duk ƙwayar cutar da ta yi ƙoƙarin hawa. Ku riƙe wannan misali, domin kusan dukan abin da za mu faɗa nan gaba ya rataya a kansa.

Mene ne ciwon ƙoda mai jakunkunan ruwa?

A jikin mai wannan ciwo, bangon wasu daga cikin ƙananan bututun nan yana kumburowa waje, ya zama ƴar jaka cike da ruwa. Da farko jakar ba ta kai ƙwayar gero ba. Shekara da shekaru tana girma, wata ta kai goro, wata ta kai lemu. Ba guda ɗaya ba ce, ɗaruruwa ne, kuma a ƙoda biyun duka. Da haka ƙodar da ba ta wuce dunƙulen hannu ba takan girma har ta kai kilo da yawa, ta cika ciki. Jakunkunan suna matse naman ƙoda mai lafiya, aikin tacewa ya riƙa raguwa a hankali. Mutane da yawa masu ciwon suna da irin waɗannan jakunkuna a hanta ma.

A takardar likita za ku ga an rubuta PKD da Turanci, ko polykystose rénale da Faransanci. Ana samun ciwon a kowace ƙasa da kowace ƙabila, maza da mata daidai wa daida. Kimanin mutum 1 cikin 1,000 yana da shi. Yawanci ba ya nuna kansa sai tsakanin shekara 30 zuwa 50, kuma alamarsa ta farko sau da yawa ita ce hawan jini tun mutum yana da ƙuruciya. Kimanin rabin masu shi ƙodarsu takan gaza kafin su kai shekara 60 ko wajen haka. Sauran rabin suna kai tsufa ƙodarsu tana aiki.

Ana gane shi da hoton ciki, wanda wasu ke kira eko, wasu kuma sikanin. Hoton ba ya ciwo, ba ya kuma ɗaukar lokaci. A lura: dattijo yakan iya samun jakar ruwa ɗaya ko biyu a ƙoda saboda shekaru kawai. Wannan abu ne da aka saba gani, kuma ba shi ne ciwon da muke magana a kai ba.

Yadda ake gadonsa

Idan uwa ko uba, ɗaya kawai daga cikinsu, yana da ciwon, kowane ɗa da za a haifa yana iya gada ko ya tsira, rabi da rabi. Kamar samun namiji ko mace ne: kowane ciki da nasa rabon. Yadda wata ke haifan maza huɗu a jere, haka a wani gida ƴaƴa huɗu su gada duka, a wani gidan kuma ba ko ɗaya. Ɗan da bai gada ba, ba zai ba nasa ƴaƴan ba. Masana sun gano ƙwayoyin gado biyu da ke kawo shi, na farko a shekarar 1994, na biyu a 1996. Na farkon ya fi yawa, kuma ya fi saurin lalata ƙoda. Kimanin mutum 1 cikin 10 masu ciwon ba wanda aka sani da shi a danginsu. A kansu ya fara.

Gadonsa ya bambanta da na amosanin jini, wato sikila, inda sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar kafin ɗa ya kamu. Saboda haka auren zumunci ba shi ke kawo wannan ciwo na manya ba. Akwai dai wani iri dabam, wanda ba shi da yawa, da ke kama jarirai, shi ne ake gada daga iyaye biyu.

Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko kwanciyar aure, ko shan ruwa a moɗa ɗaya. Kuma babu laifin kowa a ciki. Uban da ya ba ɗansa bai zaɓa ba, kamar yadda shi ma bai zaɓi ya karɓa ba.

Daga ina ƙwayoyin cuta suke shigowa?

Jakunkunan ruwan da kansu ba su da ƙwayar cuta. Ƙwayoyin daga waje suke zuwa. Mafi yawansu irin waɗanda ke zaune a hanjin kowane mutum ne, suna fita tare da bayan gida. Babbarsu likitoci suna kiranta E. koli, ita ce ke kawo kimanin kashi 3 cikin 4 na wannan ciwo. A hanji ba ta cutarwa. Amma idan ta taso daga dubura ta kai bakin hanyar fitsari, sai ta hau zuwa mafitsara. In ba a tsayar da ita a nan ba, ta bi bututu ta hau zuwa ƙoda. Daga naman ƙoda kuma ta shiga cikin jaka. Wani lokaci ƙwayoyin sukan iso ƙoda ta cikin jini, daga wani ciwo a wani sashe na jiki, amma hawa daga ƙasa ya fi yawa.

Hanyar fitsarin mace gajera ce, kimanin santimita 4, kuma bakinta yana kusa da dubura. Ta namiji ta kai wajen santimita 20. Shi ya sa ciwon fitsari ya fi kama mata, masu ciwon ƙoda da marasa shi. A cikin masu ƙoda mai jakunkunan ruwa, mutum 3 zuwa 5 cikin 10 za su yi ciwon fitsari aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu, kuma mata ne suka fi yawa a ciki.

Abin da ke buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga tsagogin da wannan ciwo ke yi.

Na ɗaya, fitsari ba ya gudu yadda ya kamata. Manyan jakunkuna suna danne ƙananan hanyoyin da ke cikin ƙoda, su lanƙwasa su, su matse su. Fitsari yana tsayawa a lungu-lungu maimakon ya wuce. Ƙwayar cutar da ta iso nan ba abin da zai kore ta, sai ta zauna ta hayayyafa.

Na biyu, jakar kanta kududdufi ce a rufe. Yawancin jakunkunan, da zarar sun ɗan girma, sukan rabu da bututun da suka fito daga gare shi, bakinsu ya toshe. Ruwan da ke ciki ba ya fita tare da fitsari. Yana da ɗumi, kuma idan jini ya zuba a ciki ya zama abinci ga ƙwayoyin cuta. Da sun shiga, sai jakar ta cika da mugunya kamar maruru, amma maruru ne a can cikin ciki, inda ba ya iya fashewa ya fita.

Na uku, tsakuwar ƙoda. Mutum 1 cikin 4 ko 5 masu wannan ciwo yana samun tsakuwa, fiye da sauran mutane nesa ba kusa ba. Dalili shi ne tsayuwar fitsari, da kuma canjin da ciwon ke kawowa a cikin fitsarin kansa: yakan yi tsami, sinadarin da ke hana gishiri dunƙulewa kuma ya yi kaɗan. Tsakuwa tana toshe hanya, kuma ƙwayoyin cuta suna maƙalewa a jikinta su ɓuya wa magani. Muddin tsakuwar tana nan, ciwon zai riƙa dawowa.

Na huɗu, ƙarancin ruwa a jiki. Ƙoda mai jakunkuna ba ta iya riƙe ruwa sosai kamar mai lafiya, shi ya sa masu ita sukan tashi fitsari da dare. Idan aka haɗa wannan da zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke wuce digiri 40, ga aikin gona, ga nisan rijiya, jiki yakan bushe da wuri. Fitsari ya ragu, hanya ba ta samun wanki, tsakuwa ta samu damar haɗuwa.

Na biyar, raunin garkuwar jiki. Idan aikin ƙoda ya ragu sosai, dattin da ya taru a jini yana rage ƙarfin jiki na yaƙi da cuta. Ciwon sukari yana ƙara wannan rauni, kuma sukarin da ke fita cikin fitsari abinci ne ga ƙwayoyin cuta.

Na shida, duk abin da aka zura a hanyar fitsari. Robar fitsari tana ceton rai idan fitsari ya ƙi fita, amma tana iya tura ƙwayoyin cuta ciki. Saboda haka likita ba ya sa wa mai wannan ciwo roba sai ya zama dole, kuma yana cire ta da wuri. Idan za a sa muku roba a ko'ina, ku faɗa cewa kuna da jakunkunan ruwa a ƙoda.

A kan waɗannan akwai abubuwan da ke samun kowa: juna biyu, da kumburin ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza bayan shekara 50, wanda ke hana fitsari fita duka.

Wurare uku da ciwon ke sauka

A mafitsara. Zafi lokacin fitsari, yawan jin fitsari amma kaɗan ke fita, ciwon mara, fitsari mai duhu ko wari. Yawanci babu masassara. Wannan shi ne mafi sauƙi, kuma a nan ya kamata a tare shi. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A naman ƙoda. Masassara mai zafi da rawar ɗari, ciwo a kwiɓi ko a baya ƙarƙashin haƙarƙari, tashin zuciya da amai. Sau da yawa zafin fitsari ya riga shi zuwa da ƴan kwanaki.

A cikin jaka. Masassarar da ta ƙi sauka, da ciwo a wuri guda wanda mutum zai iya nunawa da yatsa, in an danna ya ƙaru. Wani lokaci babu zafin fitsari ko kaɗan. Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne, ana iya auna fitsari a ce ba a ga komai ba. Dalilin a fili yake: bakin jakar a rufe yake, ƙwayoyin cutar ba su gauraya da fitsari ba. Saboda haka fitsari mai kyau a awo ba ya nufin babu ciwo.

Ba kowace masassara ce ta sauro ba

A ƙasarmu, da jiki ya yi zafi sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot. Mai jakunkunan ruwa a ƙoda yana iya yin mako guda yana shan maganin zazzaɓin sauro alhali mugunya tana taruwa a ƙodarsa. Ku nemi a yi awon jini na zazzaɓin sauro tukuna. Idan awon bai nuna ba, ko ya nuna amma kun sha magani kwana 2 zuwa 3 masassara ba ta sauka ba, ku koma asibiti ku ce a duba ƙoda. Ana iya samun ciwo biyun a lokaci guda.

Haka kuma zafin fitsari ba lalle ne ya zama ciwon sanyi irin wanda ake ɗauka ta kwanciya ba. Mata da yawa sun ɓoye ciwonsu don kunya ko tsoron zargi, har ya hau ƙoda. Maza kuma sun zargi matansu a banza. Ƙwayar cutar daga hanjin mutum kansa take fitowa.

Jini a fitsari ma yana da dalilai da yawa. Jaka takan fashe ko ta zubar da jini, musamman bayan faɗuwa, ko duka, ko doguwar tafiya a kan babur a hanya mai gargada. Ciwon yakan zo farat ɗaya, masassara ba ta da yawa, kuma jinin yakan tsaya cikin kwana 2 zuwa 7 idan an huta an sha ruwa. Tsakuwa ma tana kawo jini, da ciwo mai murɗawa daga kwiɓi zuwa mara. Wanda ke shiga tafki ko gulbi kuma yana iya samun tsargiya, wadda jininta ke fitowa a ƙarshen fitsari. Ba za a iya rarrabe waɗannan a gida ba. Awon fitsari da hoton ciki ne ke rarrabe su.

Me ya sa maganin yake daɗewa?

Magani yana kai wa ga ciwo ta hanya biyu: ta cikin jini, ko ta cikin fitsari. Jakar da ta rufe ba ta samun fitsari, kuma babu jijiyar jini a cikin ruwanta. Dole maganin ya ratsa bangon jakar kafin ya shiga. Ba kowane magani ke iya haka ba. Amoksisilin da ampisilin da jentamaisin ba sa shiga sosai. Naitirofurantoyin yana aiki a mafitsara kawai, ba ya kai naman ƙoda. Waɗanda suka fi iya ratsa bangon su ne irin su siprofuloksasin da kotirimoksazol.

Ba mun faɗi waɗannan sunaye don ku je ku saya da kanku ba. Siprofuloksasin bai dace da mai juna biyu ba, kuma yana iya raunana jijiyar agara. Kotirimoksazol yana iya tara wani gishiri mai hatsari ga zuciya a jinin wanda ƙodarsa ta yi rauni. Jentamaisin yana iya lalata ƙoda da ji. Likita yana auna ƙarfin ƙoda kafin ya zaɓi magani da yawansa. Ban da haka, saboda yawan shan waɗannan magunguna barkatai, ƙwayoyin cuta da yawa sun saba da su, ba sa mutuwa. Shi ya sa, inda akwai hali, ake ɗaukar fitsari da jini kafin a fara magani, a rena ƙwayoyin cutar a ɗakin awo kwana 2 zuwa 3, a ga wane magani ke kashe su.

Tsawon magani ya danganta da inda ciwon yake. Na mafitsara ƴan kwanaki ne, bai cika wuce mako guda ba. Na naman ƙoda yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14. Na cikin jaka kuwa mako 4 zuwa 6 ne. Masassara takan sauka tun a makon farko, mutum ya ji ƙarfi, ya ajiye sauran maganin don wata rana. A lokacin ƙwayoyin da ke tsakiyar jakar ba su mutu ba tukuna. Bayan mako biyu ko uku sai ciwon ya dawo, kuma wannan karon maganin farko ba lalle ya yi aiki ba. Ku shanye maganin har ƙwaya ta ƙarshe.

Idan jakar babba ce kuma magani ya kasa, likita yana iya sa allura ta fata, yana kallon hoton ciki, ya zuƙe mugunyar. Idan tsakuwa ta toshe bututu kuma ga masassara, wannan aikin gaggawa ne, dole a buɗe wa fitsari hanya.

Abin da ke faruwa idan an yi jinkiri

Ƙoda tana cike da jini. Ƙwayoyin cutar da suka yi yawa a cikinta suna iya bazuwa cikin jini duka, su kashe mutum cikin ƴan kwanaki. Wanda ya tsira, ciwon yakan bar tabo, ya cinye wani sashe na naman ƙoda mai lafiya, wanda dama jakunkuna sun rage shi. Wankin ƙoda da na'ura sai a manyan asibitocin birane irin su Yamai da Kano, sau 2 ko 3 kowane mako har iyakar rai, kuma kuɗinsa da zaman birni sun fi ƙarfin yawancin gidaje. Kowace shekara da aka ƙara wa ƙoda tana aiki, riba ce ga gida duka.

Ku tafi asibiti a ranar, kada ku jira ranar kasuwa, idan kun ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- masassara tare da ciwon kwiɓi ko rawar ɗari
- amai da ya hana shan ruwa ko magani
- fitsari ya ragu ƙwarai ko ya tsaya
- jini mai gudaji a fitsari, ko jinin da ya wuce mako guda
- ruɗewa, ko yawan barci, ko numfashi sama-sama
- kowane zafin fitsari ko masassara ga mai juna biyu

Rigakafi ya fi magani

Ku sha ruwa sosai, lita 2 da rabi zuwa 3 a yini, wato wajen cikin robar ruwa mai lita 1 da rabi sau biyu, fiye da haka ranar zafi ko aiki mai nauyi. Ku rarraba shi daga safe zuwa dare. Fitsarinku ne zai gaya muku: in ya yi ja kamar shayi, ruwa bai isa ba. Amma wanda ƙodarsa ta riga ta yi rauni sosai, ko ƙafafunsa suna kumbura, ko yana da ciwon zuciya, ya tambayi likita yawan ruwan da zai sha.

Kada ku riƙe fitsari. Mata da yawa suna ƙin shan ruwa ranar kasuwa ko ranar tafiya don kada fitsari ya matse su a hanya. Gara a nemi wurin tsugunawa.

Wajen tsarki, mace ta wanke gaba tukuna sa'an nan baya, hannu yana tafiya daga gaba zuwa baya. A yi da ruwa mai tsabta, a wanke hannu da sabulu. A koya wa ƴan mata haka tun suna ƙanana. Yin fitsari bayan kwanciyar aure yana taimakawa wajen kore ƙwayoyin cuta. A guji cusa kayan mata ko sabulu ko wani haɗi a cikin gaba, domin suna kashe ƙwayoyin kirki da ke tsaron wurin. Tsumman al'ada a riƙa canja shi, a wanke, a shanya a rana.

Ku ci ganye da wake da ƴaƴan itace daidai gwargwado don kada ciki ya ɗaure, domin taurin bayan gida yana hana mafitsara zubar da fitsari duka. Wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai, likita zai gaya masa irin abincin da zai rage.

Ku rage gishiri. Duka-duka kada ya wuce giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi guda. Dunƙulen miya da kanwa su ma suna cikin lissafi. Gishiri yana ɗaga hawan jini, yana ƙara tsakuwa, yana kuma sa jakunkuna saurin girma. Ku riƙa auna hawan jini, ku sha maganinsa kullum ko da ba ku jin komai. Mai shan taba ya daina.

Ku kiyayi maganin ciwon jiki irin su dikulofenak da ibuprofen da haɗe-haɗen da masu talla ke ƙullawa a leda. Suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, kuma ga mai masassara da amai suna iya tsayar da ita gaba ɗaya. Parasitamol ya fi aminci, in ba a wuce ƙa'ida ba. Jiƙe-jiƙe da saiwoyin da ba a san abin da ke ciki ba, ƙoda ce ke tace su, kuma babu wanda ke narkar da jakunkunan.

Juna biyu da azumi

Yawancin mata masu wannan ciwo, in hawan jininsu da aikin ƙodarsu suna daidai, suna haihuwa lafiya. Amma su fara awon ciki da wuri, su faɗa wa ungozomar asibiti ciwon da suke da shi. Ga mai juna biyu, ko ba ta jin komai, idan awo ya nuna ƙwayoyin cuta a fitsari ana ba ta magani, domin suna saurin hawa ƙoda su jawo haihuwa kafin lokaci. Wasu magungunan hawan jini, irin su enalapril da losatan, suna cutar da ɗan da ke ciki. Wadda ke shan su ta ga likita tun kafin ta ɗauki ciki, a canja mata.

Mai niyyar azumin da ba a shan ruwa, musamman lokacin zafi, ya fara ganin likita a auna ƙodarsa. Wanda ke cikin masassara, ko yana kan maganin ciwon ƙoda, ko yana da tsakuwa, jikinsa yana bukatar ruwa a kai a kai har ya warke.

Maganar iyali

Idan an sami mutum ɗaya da ciwon, ƴan'uwansa da suke uwa ɗaya ko uba ɗaya ta ɓangaren da ciwon ya fito, da ƴaƴansa da suka girma, suna da damar zuwa a yi musu hoton ciki idan sun yarda. Kada a tilasta wa kowa. Wanda ya kai shekara 40 hoto bai nuna jakunkuna ba, hankalinsa ya kwanta. Ga matashi kuwa, hoto mai kyau bai gama magana ba, domin jakunkunan suna iya bayyana daga baya. Yara ba a cika yi musu hoto ba in suna lafiya, amma a riƙa auna hawan jininsu, kuma a kawo su da wuri idan suna kukan fitsari ko ciwon kwiɓi.

Ku ajiye takardar hotonku da sunayen magungunan da aka taɓa ba ku a cikin leda guda. Duk gidan likitan da kuka shiga, ko don haƙori ne, ku nuna ta kafin a rubuta muku magani. Ku kuma shirya tun yanzu wanda zai kai ku asibiti da kuɗin mota idan masassara ta zo da dare, domin a wannan ciwo kwana ɗaya yana da yawa.